Ciwon haƙori ya koma ƙuraje a ɓari ɗaya na baki: mene ne, kuma yaya ake maganinsa?

Tambaya: Likita, mahaifiyata ce, shekarunta 64, tana da ciwon suga. Yau kwana biyar ke nan da ta fara kukan haƙoran tauna na sama, ɓangaren hagu. Muka sayo mata Ampiclox da farasitamol a kemis, ba sauƙi, har aka ba mu shawarar a kai ta a cire haƙorin. Shekaranjiya da dare sai ƙuraje masu ruwa suka feso mata a kumatu da leɓen sama, cikin bakin kuma ya yi jawur ya saɓule, duk a hagu, dama lafiya ƙalau. Ba ta iya cin abinci. Wasu sun ce zazzaɓi ne ya fito, wasu sun ce iska ce. Mene ne wannan? Ana ɗauka? A cire haƙorin ko a bari?

Amsa: Malama, sannu da ƙoƙari. Allah Ya ba Hajiya lafiya, Ya sa kaffara ne. Kafin komai, ga abin da nake so ki yi: ki kai ta asibiti yau ɗin nan, ko da sai kin ajiye duk abin da ke gabanki, kuma kada kowa ya taɓa haƙorin. Likitan da zai duba bakin da idonsa shi ke da magana ta ƙarshe, amma yadda kika jero labarin, ciwo ya riga ƙuraje da kwana biyu zuwa uku, ƙurajen sun tsaya a hagu kaɗai, ga shekaru, ga ciwon suga, da wuya ya zama wani abu ban da ciwon da muke kira zosta. A katin asibiti za ki ga an rubuta herpes zoster ko shingles. Maganinsa ya fi aiki idan an fara shi cikin awa 72 da fitowar ƙurajen, ku kuwa kun riga kun cinye kusan rabin wannan lokacin.

Asalin abin farankama ce, wadda wasu ke ce wa ƙarambau. Duk wanda ya taɓa yin ta yana yaro, ƙwayar cutar ba ta bar jikinsa ba. Ƙuraje sun bushe, tabo ya dushe, an manta, amma ita ta bi jijiyoyin ji ta koma ta lafe a tushensu, kusa da laka da kuma ƙarƙashin ƙwaƙwalwa. Can take zama shekara arba'in, hamsin, garkuwar jiki ta danne ta. Ran da garkuwar ta sassauta, saboda tsufa, ko ciwon suga, ko sankara da magungunanta, ko ƙanjamau, sai ta farka ta biyo jijiya guda ɗaya tak, tana ƙona ta tun daga tushe har ta ɓullo a fatar da jijiyar ke kula da ita. Wani likitan ƙaramin gari a Ingila, Edgar Hope-Simpson, shi ya fayyace wannan a 1965, bayan ya shekara 16 yana bin diddigin marasa lafiyar garinsu. Ciwon kuma ba baƙo ba ne. Hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta ƙiyasta cewa kusan mutum ɗaya cikin uku a ƙasar zai yi shi a rayuwarsa, akasari bayan shekara 50. Don haka ba wanda ya shafa wa Hajiya, ba wanda ya yi mata wani abu. Tun ƙuruciya take ɗauke da shi, ko da ta ce ba ta tuna ta taɓa yin farankama ba.

An fi ganinsa a ƙirji ko kwiɓi, inda yake zagayowa daga baya zuwa gaba a ɓari ɗaya. A fuska kuwa, kowane ɓari yana da babbar jijiyar ji guda, wadda ta rabu reshe uku. Na sama shi ke riƙe da goshi, fatar ido ta sama, idon kansa da kan hanci. Na tsakiya yana da kumatu, gefen hanci, leɓen sama, haƙoran sama da dasashinsu, da ganɗa, wato rufin baki. Na ƙasa yana da leɓen ƙasa, haɓa, haƙoran ƙasa, cikin kunci da gaban harshe. Ki sake duba wuraren da kika lissafa: haƙoran tauna na sama, kumatu, leɓen sama. Duk yankin reshen tsakiya ne na hagu, ba ƙari ba ragi.

Nan ne amsar batun haƙori take, kuma ina so in daɗe a kai, don a nan ake yi wa mutane asarar da ba ta dawowa. Kwana biyu zuwa huɗu kafin ƙuraje su fito, wani lokaci fiye, ba abin da ake gani sai ciwo. Jijiyar da ke kai wa ƙwaƙwalwa labarin haƙori ita ce ta kumbura, ƙwaƙwalwa kuma ba ta san a ina aka taɓa jijiyar ba, abin da ta sani kawai saƙon daga wajen haƙori yake zuwa. Sai mutum ya rantse turminsa ke ciwo, ya nuna shi da yatsa. In aka yi rashin sa'a akwai ɗan rami ko tsohon ciko a wannan haƙori, shi ke nan, an sami mai laifi. A cire shi, allurar kashe zafi ta sake, ciwo ya dawo yadda yake, bayan kwana biyu ƙuraje su feso a kan ramin da aka bari.

Likitan haƙori mai natsuwa yana da hanyoyin tsayawa kafin ya kai nan. Ya ƙwanƙwasa haƙorin, ya sa masa sanyi, ya ɗauki hoto, ya ga bai ga abin da ya kai girman kukan da ake yi ba. Ya tambaya, sai ya ji ciwon bai tsaya a haƙori ɗaya ba, jeren ne gaba ɗaya, har da kumatu da gefen hanci. Irin ciwon ma daban ne: ƙuna ce da suka da tsikari, yana fizga ba tare da an tauna komai ba. Abin da ya fi faɗa min gaskiya shi ne fatar waje. Ki tambayi Hajiya ko tun kafin ƙurajen ta fara jin zafi idan bakin hijabi ya gogi kumatunta, ko idan ruwan alwala ya sauka a wannan gefen, ko ta daina kwanciya a kan hagu. Ruɓaɓɓen haƙori ba ya hana mayafi taɓa fuska. Wanda ya zo min da irin wannan ciwo ba ƙurji, nakan ba shi maganin zafi in ce ya dawo bayan kwana biyu, ko nan take da ya ga ja a fatarsa. Haƙuri na kwana biyu ya fi giɓi na har abada.

Yanzu da abin ya fito, ganewa ta yi sauƙi. A fata za a ga ja, a kansa ƙuraje masu ruwa sun taru gungu-gungu, ruwan garau da farko, daga baya ya yi duhu. A cikin baki da wuya a tarar da ƙurji yana tsaye, domin fatar wurin ba ta da kauri, ga miyau, ga harshe yana gogawa, cikin 'yan awanni suke fashewa. Abin da ya rage shi ne ƙananan gyambuna marasa zurfi, tsakiyarsu fari-fari ko rawaya, bakinsu ja, suna haɗewa su zama babba mai karkataccen gefe. Ki sa ta ɗaga kai ta buɗe baki, ki haska ganɗarta da fitilar waya. Za ki ga hagu ta yi jawur ta saɓule, dama kuwa sumul, kuma daidai tsakiyar ganɗa abin ya tsaya cak, kamar an shata iyakar gona. Haka a leɓen sama, ƙurajen kan tsaya daidai tsakiya, ƙarƙashin hanci. Wannan iyakar ita ce babbar shaida. Kaluluwa na iya fitowa a ƙarƙashin muƙamuƙi ko gaban kunne na wannan gefen, da ɗan zazzaɓi da kasala.

Masu cewa zazzaɓi ne ya fito ba su yi nisa ƙwarai ba, domin ƙurajen da ke fesowa a leɓe bayan zazzaɓin cizon sauro 'yar'uwar wannan ƙwaya ce ke kawo su. Amma waɗannan kaɗan ne, a wuri ɗaya, suna dawowa a kai a kai, ba sa zuwa da ciwon da ke hana barci, kuma cikin mako ɗaya ko kwana goma sun tafi. Gyambon baki na yau da kullum, wanda ke fita a cikin leɓe ko ƙarƙashin harshe, ba ya farawa da ƙurji mai ruwa, ba ya taɓa fatar fuska, bai kuma san hagu da dama ba. Farin da ke shimfiɗuwa a harshen masu ciwon suga gogewa yake idan an shafa auduga. Wanda likita zai fi so ya kawar daga zuciyarsa shi ne borin magani, tunda ta sha Ampiclox. Akwai magunguna, Septrin da Fansidar sun yi suna a kai, da kan saɓule wa mutum baki gaba ɗaya, leɓɓa su tsage su yi jini, idanu biyu su yi ja, fata ta fara tashi. Wannan ciwo ne mai kisa, kuma ba ya zaɓar gefe. Tsayawar na Hajiya a hagu ya sa na fi karkata ga zosta, amma ki tafi da kwalayen duk abin da ta sha likita ya gani.

Mafi yawan lokaci ido da tambaya sun isa, ba a buƙatar gwaji kafin a fara magani. Inda aka yi shakka, ana dangwalo ruwan ƙurji ko a shafo gindin gyambon da auduga a kai ɗakin gwaji a nemi ƙwayar kanta, gwajin da ake kira PCR, sai dai manyan asibitoci ke yin sa, kuma ba a zaman jiran sakamakonsa. Gwajin da na fi damuwa da shi a kan Hajiya biyu ne: suga, da aikin ƙoda, saboda ta ƙoda maganin ke fita, ciwon suga na shekaru kuma yakan taɓa ƙoda ba tare da mutum ya sani ba. Idan likita ya ce a yi gwajin ƙanjamau, kada ranku ya ɓaci, ba zargi ba ne. A shekarunta, tsufa da suga sun isa dalili. Amma ga mai karatu ɗan shekara 25 ko 35 da zosta ta fito masa, ko ta kama wuri fiye da ɗaya, ko ta dawo karo na biyu, ina roƙonsa ya yi gwajin. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa zosta cikin alamomin mataki na biyu na wannan cuta, lokacin da mutum ke yawo da ƙafarsa bai san komai ba, kuma lokacin da fara magani ke da matuƙar amfani.

Ampiclox, Flagyl da 'yan'uwansu bakteriya suke kashewa, wannan kuwa bairos ce, ko an shanye kwali goma ba za ta ji ba. Maganinta da aka fi samu a ƙasarmu shi ne acyclovir, haka za ki ga an rubuta a kwali. Ga babba mai lafiyar ƙoda, miligiram 800 ne sau biyar a rana har kwana 7, wani lokaci likita ya kai shi 10. Ki lura da wannan sosai, don a nan ake faɗuwa. Ƙwayoyin da ke kemis yawanci na 200 ne ko na 400. In na 400 ne, biyu ake sha kowane lokaci, goma ke nan a rana, 70 a mako. In na 200 ne, huɗu-huɗu. Sau da yawa ɗan kemis kan ƙirga wa mutum ɗaya safe, rana da dare, wato ƙasa da abin da zosta ke buƙata nesa ba kusa ba, sannan a ce magani bai yi ba. Lokutan sha su ne kamar ƙarfe 6 na safe, 10 na safe, 2 na rana, 6 na yamma, 10 na dare. Na san da an ji sau biyar zuciya za ta tafi ga salloli, amma kada a ɗaura shi a kansu: tsakanin Asuba da Azahar ya yi nisa da yawa, La'asar da Magariba da Isha kuma sun matse. A sa ƙararrawar waya.

Akwai valacyclovir, miligiram 1000 sau uku a rana, da famciclovir, 500 sau uku a rana, dukkansu kwana 7. Sun fi sauƙin sha, jiki ya fi tsotse su, amma sun fi tsada kuma ba ko'ina ake samu ba. Ga dattijuwar da haɗiya ke yi wa wuya, in da hali ni valacyclovir zan zaɓa. Kowanne aka ba ta, sai ta sha ruwa sosai, in kuma gwaji ya nuna ƙoda ta yi rauni likita zai rage adadin, domin in ya taru a jini yakan rikita tsofaffi su fara sambatu. Wannan shi ya sa ban ce ki je kemis ki sayo da kanki ba. Man shafawa na acyclovir ba ya yi wa zosta komai, ciwon yana can cikin jijiya inda mai ba ya kaiwa. Ko da awa 72 ta wuce, ana ba da maganin muddin sababbin ƙuraje na fitowa, ko abin yana fuska, ko garkuwar mutum ta yi rauni, don haka wanda ya makara kada ya ce ya riga ya wuce. Wanda ke jinyar sankara, ko aka yi wa dashen ƙoda, ko ƙurajen suka bazu a jiki, kwantar da shi ake yi a ba shi ta jijiya. In abin ya faɗo a watan azumi, marar lafiya yana da rangwame, a sha magani a kan lokacinsa a rama daga baya.

Zafin kuma ba abin a ce ta daure ba ne. A fara da farasitamol a kan ƙa'ida, ba sai ciwo ya tashi ba. Ibuprofen da diclofenac ina tsoronsu a kanta: ga suga, ga ƙarancin ruwa a jiki, ga acyclovir, duk nauyi a kan ƙoda ɗaya. In farasitamol bai riƙe ba, likita na iya ƙara tiramol na 'yan kwanaki, ko ya fara maganin ciwon jijiya irin su gabapentin, pregabalin ko amitriptyline, da ɗan kaɗan, da dare. Suna sa jiri da barci, sai a riƙa raka ta bayi kada ta faɗi, a kuma adana su inda samarin gida ba za su kai ba.

Cikin bakin, abin da ake nema shi ne ya zauna da tsabta ta kuma iya haɗiya. Rabin ƙaramin cokali na gishiri a kofin ruwa mai ɗumi, ta kurkure sau da yawa a rana, musamman bayan ta ci wani abu. Ruwan kurkure na chlorhexidine, wanda babu sinadarin barasa a ciki, safe da dare na mako ɗaya ko biyu. Akwai man lidocaine da ake ɗan shafawa a gyambon mintuna kaɗan kafin cin abinci, wurin ya mutu ta samu ta ci, amma a shafa kaɗan kuma ta tauna a hankali kada ta ciji kanta. Buroshi mai laushi, a bar aswaki a wannan gefen sai an warke. In tana sa haƙoran roba a cire su. Don Allah kada a sa kanwa, ko toka, ko man goge baki, ko kananzir a ƙurajen, kada a danna asfirin a dasashi, kada a kira wanzami ya yi tsaga. Duk ƙona nama suke yi, su buɗe wa bakteriya ƙofa, su bar tabo a fuska. Ƙurajen waje a wanke da ruwa da sabulu mai laushi, a ɗora tsumma mai tsabta da aka jiƙa da ruwan sanyi, kada a fasa su.

Abinci ya zama mai laushi kuma ya huce: kunun gyaɗa ko koko ba suga, faten wake da ya dahu luguf, dafaffen ƙwai, tuwo mai taushi da miyar kuka ko kuɓewa ba barkono, kindirmo marar tsami. A ɗaga mata ƙafa daga yaji, kunun tsamiya, lemo, zoɓo, goro da duk abin da ke da ƙarfi ko kaifi. Ga wani abu da ake mantawa da shi: mai ciwon suga da ta daina ci amma ta ci gaba da allurar insulin ko ƙwayar glibenclamide, suganta na iya faɗuwa ƙasa warwas, ta yi gumi, ta rikice, ta suma. Ciwon kansa kuma yana iya harba sugan sama. A riƙa aunawa safe da yamma, a gaya wa likita ainihin abin da take iya ci don ya daidaita maganin.

Prednisolone da dexamethasone, magungunan rage kumburi, suna da wurinsu, amma likita ne ke yanke hukunci, kuma ba a ba da su su kaɗai ba tare da maganin bairos ɗin ba. Suna tayar da suga, ba kuma sa hana ciwon jijiya na bayan warkewa. Su ne ma ke jawo wa wasu zostar tun farko. 'Yan matan da ke shan sha-ka-fashe don ƙiba, da tsofaffin da ake haɗa wa ƙullin ƙwayoyin ciwon gaɓoɓi a kemis, da yawansu dexamethasone suke sha wata da watanni ba su sani ba, garkuwar jikinsu na zubewa. In Hajiya na shan irin wannan ƙulli, a kai wa likita ya gani, kada kuma a tsayar da shi lokaci guda ba da saninsa ba.

Akwai abubuwan da in kin gani ba a jiran gari ya waye. Na farko ido. Ƙurji a kan hanci, a goshi ko fatar ido ta sama, ido ya yi ja, yana ruwa, yana ƙin haske, ko gani ya dushe, duk suna nufin reshen sama ya shiga, kuma zosta tana makantar da ido. Likitan ido take buƙata a ranar, kada a ɗiga mata komai daga kemis. Na biyu kunne da fuska, kuma a nan ne maganar iska ke ƙarfi a gidajenmu. Wani lokaci ƙwayar tana farkawa a jijiyar da ke motsa fuska. Sai kunne ya yi ciwo mai tsanani, ƙuraje su fito a cikinsa, wani lokaci har a gefen harshe ko ganɗa, baki ya karkace, ido ɗaya ya ƙi rufuwa, ruwa na zuba ta gefen baki, ga jiri, ga ƙara a kunne, ɗanɗano ya canza. Wani likitan jijiya Ba'amurke, James Ramsay Hunt, ya bayyana shi a 1907, sunansa ake kiran ciwon da shi har yau. In an fara maganin bairos da prednisolone cikin kwana uku, damar fuska ta koma daidai tana da yawa. In aka yi mako ana hayaƙi da shafe-shafe, wasu haka suke zama. Ban hana addu'a ba, ni ma ina yi mata, amma a yi ta a gefen gadon asibiti. Karkacewar baki ma tana iya zama shanyewar ɓarin jiki, wanda shi ma mintuna ake ƙirga masa. Sauran alamomin su ne ciwon kai mai tsanani da sanƙarewar wuya, rikicewa ko yawan barci, zazzaɓi mai zafi, ƙuraje su ɓullo a wasu sassan jiki, fuska ta kumbura tana mugunya, ko ta kasa haɗiye ko da ruwa fitsari ya ragu.

In komai ya tafi daidai, sababbin ƙuraje kan daina fitowa cikin kwana uku zuwa biyar, na waje su yi ɓawo cikin kwana 7 zuwa 10, fata ta warke tsakanin mako biyu zuwa huɗu. Abin da ke wahalar da tsofaffi shi ne wanda ke biyo baya. Jijiyar da ta ƙone takan ci gaba da aika saƙon ciwo bayan fata ta yi sumul. In ya wuce kwana 90 muna ɗaukarsa ciwo mai zaman kansa, kuma alƙaluman Amurka sun nuna yana samun mutum 10 zuwa 18 cikin 100 na waɗanda suka yi zosta, ya fi yawa ga masu shekaru da waɗanda ciwonsu ya yi tsanani tun farko. Acyclovir yana gaggauta warkewa ya rage zafin farko, amma ba ya ba da tabbacin kauce wa wannan. Ina faɗa miki tun yanzu saboda abin da nake gani: tsohuwa ta ce fuskarta na ƙuna, 'ya'ya su duba su ga ba komai, a fara cewa raki ne ko tsufa. Ciwon gaske ne, yana hana barci, yana hana ci, yana jefa mutum cikin damuwa, kuma yana da magani, su gabapentin da amitriptyline ɗin nan, ana ƙarawa a hankali har a dace. A wannan lokaci ma sai ta sake nuna haƙori, a sake kawo maganar cirewa. A dakata har bakin ya warke, bayan mako uku ko huɗu likitan haƙori ya duba da hoto. In ruɓa ce ta gaske a gyara. Zuwan yana da wani amfani: nadiran, zosta kan kashe ƙashin da ke riƙe da haƙora, su fara girgiɗi da kansu bayan makonni, don haka haƙorin da ya fara motsi ko ƙashin da ya bayyana a dasashi abin kaiwa ne da wuri. Gyambon da ya haura mako uku bai rufe ba shi ma sai an duba shi, kada a jingina shi ga zosta.

Game da ɗauka, ba wanda zai ɗauki zosta daga wurinta. Amma ruwan ƙurajen yana ɗauke da ƙwayar da rai, kuma tunda akwai su a baki, miyau ma haka. Wanda bai taɓa yin farankama ba zai iya kamuwa, farankama kuma za ta fito masa bayan kwana 10 zuwa 21. A ƙasashe masu zafi irin namu mutane da dama kan girma ba su yi ta ba, kuma ta fi tsanani ga babba. Waɗanda za a nisanta su ne mai ciki da ba ta taɓa yi ba, jariri sabon haihuwa, da duk wanda garkuwarsa ta yi rauni. A ware mata kofi, cokali, kwano da tawul, kada ta sha da moɗar randa, kada ta sumbaci jikoki ko ta tauna musu abu, ta ɗan haƙura da gidan suna da barka har ƙurajen su bushe bakin ya rufe. Ke mai jinya ki wanke hannu da sabulu duk lokacin da kika taɓa wurin. In akwai mai ciki a gidan da ta riga ta yi hulɗa da ita kuma ba ta san ko ta yi farankama ba, ta gaya wa masu awo cikin kwana ɗaya ko biyu. Ban da waɗannan, kada a ƙaurace mata, tana buƙatar mai zama kusa da ita.

Akwai rigakafi, Shingrix, wanda Amurka ta amince da shi a 2017. Allura biyu ce, tsakaninsu wata 2 zuwa 6, ana yi wa masu shekara 50 zuwa sama da kuma manya masu raunin garkuwa, kariyarsa ga masu lafiyar garkuwa ta haura kashi 90 cikin 100, har da ciwon jijiya na bayan warkewa. Ba ya cikin rigakafin da gwamnati ke yi kyauta a Nijeriya, yana da tsada, samunsa sai an bincika a manyan asibitoci masu zaman kansu ko a ƙasar waje. Ba ya warkar da wanda ke kwance yanzu, amma tunda zosta tana iya dawowa, musamman ga mai ciwon suga, bayan Hajiya ta warke sarai ki tambayi likitanta a kai, ki tambaya har da mahaifinku in ya haura hamsin.